Hayaƙi, Ƙura Da Tobo: Kanikancin Injin Gas A Ƙasar Gumel

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma da yammacinta ake gane motar da ke da lafiya. Tireloli da gingimari sun yi lodin shanu da raƙuma da awaki sun kamo hanyar Gumel, wasu Kano za su sauke, wasu kuwa sai Legas. Motar da ta zo wayam da safe tana sharara gudu, da an ɗora mata kaya sai asirinta ya tonu. Direba ya taka totur har ƙasa, inji na kuka, hayaƙi ya turnuƙe, tafiya kuwa sai a hankali. In ya samu ya lallaɓa zuwa gareji, maganarsa ɗaya ce: "Maigida, ba ta ja."

A da, dabba ce ke gajiya a wannan hanya. Masarautar Gumel, wadda aka kafa wajejen 1750 ta kuma taso daga Tumbi zuwa mazauninta na yanzu a 1845, a bayan raƙuma da jakuna fataucinta ya tsayu: kanwa da gishiri daga arewa, hatsi da fatu zuwa Kano. Turawa sun zo a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kai layin dogo Nguru ta Gagarawa. Gyaɗa ce ta jawo dogon na Nguru, ita ce kuma ta jawo manyan motocin da ke kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa tasha. Wani abin sha'awa, a baje kolin birnin Paris na 1900 an nuna injin irin na Rudolf Diesel yana aiki da man gyaɗa. Manoman Sule Tankarkar ta ƙasar Gumel sun daɗe suna noma abin da zai iya tayar da injin tun kafin su sa shi a ido.

Sana'ar ta kafu sosai ne a shekarun 1970 da 1980, zamanin kuɗin fetur, lokacin da ake haɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Marsandi a Inugu. Sarauniyar hanya a lokacin ita ce Marsandi 911 mai gajeren hanci da bodin katako. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Babu fulogi, fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Saboda haka in ƙarfi ya ragu, ɗayan uku ne: ko iska ba ta isa, ko mai ba ya isa, ko matsin ya zube.

Yaron da mahaifinsa ya damƙa wa maigida a gareji yakan shekara yana wanke ƙarafa da miƙo sifana kafin a bar shi ya taɓa inji, kuma karatunsa na farko hayaƙi ne. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Shuɗi, inji na cin baƙin mai, watakila zobban fistin sun cinye. Fari kuwa man da bai ƙone ba ne, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Daga nan sai kunne. Maigida zai bar inji yana silo, ya sa sifana ya sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, mai na tsartuwa a yatsunsa. In ya sassauta murya ta sauya, inji ya fara rawa, wannan silinda tana aiki. Wadda aka sassauta bai ko gezau ba, ita ce matacciya. Da sifana ɗaya da ɗan tsumma ake wannan bincike, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Abin da ya gagara, kamar saitin famfon injekta, sai a kwance a kai Kano.

Sai kuma aka shiga zamanin injuna masu tobo, ko da yake tobo ya riga 911 zuwa duniya. Wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar a 1905, ta daɗe a jiragen ruwa da manyan motoci kafin ta sauko kan ƙanana: Marsandi 300SD a 1978, Peugeot 604 a 1979. Dabarar ita ce hayaƙin da ke fita ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, an samu damar ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sai dai farfelar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai kaɗai ke riƙe da ita. Tsakuwar rairayi ɗaya ta isa ta gutsure mata baki.

A 1997 kuma aka fito da ƙaramar mota ta farko mai sabon tsarin fesa mai, Alfa Romeo 156, inda ake tara man gas a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, kwamfuta ce ke buɗe nozul. Turai kuma ta ƙara bawul mai mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, sannan daga baya matatar toka a salansa. Duk an gina su ne a kan mai tsaftatacce: tun 2009 dokar Turai ba ta yarda sinadarin salfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Najeriya kuwa, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen man da ake turo wa Afirka a 2016, doka ta yarda da 3,000.

Irin waɗannan motoci ne suka riƙa shigowa a matsayin 'yan Kwatano bayan sun gama cin zamaninsu a Beljiyam da Jamus, har gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Ƙananan motoci masu shan gas ba su taɓa yawa ba a nan, don fetur ne ke da tallafi har zuwa Mayun 2023. Amma akwai Hilux da Land Cruiser da Kanta da bas-bas na ɗaukar kaya, kuma su ne ke shiga rairayin ƙauyukan bakin iyaka.

Ƙasar Gumel kuwa ba ta raga wa irin wannan inji. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska tun wa'adinta bai yi rabi ba. Yaron mota ya ciro ta ya bubbuga a jikin taya, ya mayar. Ƙurar waje ta kakkaɓe, amma takardar ta tsage, daga nan rairayi ya samu ƙofa zuwa tobo. Sai kuma mai. Garin kan iyaka irin Maigatari ba ya rabuwa da jarka, musamman bayan buɗe matatar man Soraz ta Damagaram a 2011 da kuma rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019, wadda ba a buɗe ba sai Disambar 2020, Maigatari na cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe. Man bumburutu ba lallai ne ya zama marar kyau ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe tana tara ruwa da datti, wani kuma don son riba ya sirka da kananzir, wanda ba shi da santsin da famfo ke bukata. Tsohuwar 911 takan shanye wannan ta yi tari ta wuce. Sabon nozul, mai ramuka sirara kamar gashi, ba ya yafewa.

A nan ne sana'ar ta rabu biyu. Akwai bakaniken da, da ya ji "ba ta ja", sai ya ce, "Alhaji, tobo ne," a tura kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo na gwanjo da kuɗi masu yawa, a ɗaura, mota ta koma gidan jiya. Akwai kuma wanda ya riƙe tarbiyyar maigidansa, ya fara da mai araha. Zai tambaya: a hankali ƙarfin ya ragu ko farat ɗaya? In a hankali ne, matatar iska da ta mai zai fara dubawa. Zai bi robar da ke kai iska daga tobo zuwa inji yana matsawa da hannu, don 'yar tsaga a jikinta takan zubar da iskar, a ji fito, a ga baƙin hayaƙi da danshin mai a wurin. Zai kwance bawul ɗin hayaƙi ya ga ko baƙar toka ta daskare shi. Sai a ƙarshe ya cire bututu ya sa yatsa ya girgiza farfelar tobo; in tana gogar bango ko tana lilo gaba da baya, to ta tafi. Ko a nan ma sai ya nemi abin da ya kashe ta, wanda sau da yawa baƙin mai ne da ya wuce lokacin juyewa, ko ɗabi'ar kashe inji nan take bayan doguwar tafiya.

Amma akwai ciwon da kunne ba ya ji. Mota tana tafiya lafiya, farat ɗaya ta ƙi wuce wani gudu, a kashe a sake tayarwa ta dawo daidai. Wannan kwamfutar motar ce ta ga wani abu ba daidai ba ta rage ƙarfi don kare inji, watakila saboda wata sensar iska da ƙura ta rufe. Dabarar sassauta noti ma haɗari ce a kan irin wannan inji, don matsin man zai iya huda fatar mutum. Dole sai an jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Matasan garejin da suka yi makaranta su suka fi sabawa da ita, wasu a waya ma suke karantawa, sai dai na'urar inda ciwo ya bayyana take nunawa, dalilinsa kuma sai wanda ya san inji.

Masu motocin yankin, ku riƙa sauya matatar iska da ta mai kafin hunturu ya kankama, kuma kada ku biya kuɗin tobo sai bakanike ya nuna muku cewa ya duba su, ya duba robar iska, ya kuma jona na'ura.