Ƙullutun ruwa a gidan ƙwan ɓeran Masar

Ƙullutun ruwa a gidan ƙwai ciwo ne da ya yawaita a matan ɓeran Masar, dabbar da asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 2. Cikin dabbar kan kumbura, ta rage cin abinci. Nau'in ƙullutun da ke fitar da sinadarin homon yakan zubar da gashin kwiɓi biyu. Da hoton sikanin ake tabbatar da shi.

Tiyatar cire gidan ƙwai da mahaifa ce maganin dindindin. Allurar hCG ko GnRH tana aiki ga wasu nau'o'i kaɗai, zuƙe ruwan da allura kuwa sauƙi ne na ɗan lokaci, domin yana sake taruwa. Ga mai neman magani a jihar Sakkwato, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi.