Gidajen Marayun Romaniya da Binciken da Ya Sauya Doka

A shekarar 1966 shugaban Romaniya, Nicolae Ceausescu, ya haramta zubar da ciki domin yana son jama'ar ƙasarsa su yawaita. Haihuwa ta ƙaru kuwa, amma tukunya ba ta ƙaru ba. Iyayen da talauci ya ci ƙarfinsu suka riƙa miƙa 'ya'yansu ga gidajen reno na gwamnati. Da aka hamɓarar da Ceausescu a Disambar 1989, 'yan jarida suka leƙa gidajen, suka tarar da yara sama da 100,000, akasarinsu ma iyayensu na raye. Abin da ya fi girgiza baƙi shi ne shirun: ɗaki cike da jarirai, ba mai kuka. Sun daina, tunda kukan ba ya kawo kowa.

Masana sun daɗe da zargin irin wannan reno. Tun 1945 René Spitz ya rubuta cewa jarirai na ƙanjamewa a gidajen reno ko da abinci da magani sun wadata, sannan a 1951 John Bowlby ya kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto mai kama da haka. Sai dai masu kare gidajen suna da amsa a baki: wa ya sani ko da ma da lalurarsu aka kawo yaran?

Wannan gardamar ce wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka nufi warwarewa a Bukarest daga shekarar 2000. Sun ɗauki yara 136 'yan wata 6 zuwa 31, aka yi ƙuri'a: rabi suka koma hannun iyalai, abin da mu muke kira riƙo, rabi suka zauna inda suke. Ƙuri'a a kan makomar jariri abu ce mai ɗaci, kuma an soke su a kai. Hujjarsu ita ce riƙo kusan babu shi a birnin a lokacin, su ne ma suka nemo iyalan suka horar da su, kuma ba su hana hukuma fitar da duk yaron da ya samu gida ba.

Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2007 ya nuna yaran riƙo sun fi waɗanda suka zauna a gidajen kaifin fahimta, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. Abin da gidan marayu ya kasa bayarwa shi ne mutum guda da yaro zai sani nasa ne.

Romaniya ba ta jira ƙarshen binciken ba. A 2004 ta yi dokar hana ajiye 'yan ƙasa da shekara 2 a irin gidajen, in ba masu tsananin nakasa ba. A 2009 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene shi.