Daga Garwa Zuwa Dispensa: Yadda Sana'ar Ruwan Sha Ta Sauya a Kano

Mu da muke cin abinci da ruwan sha a Kano, kakanmu a sana'a shi ne ɗan ga-ruwa. Tun farkon shekarun 1930 matatar Challawa ta shigo da famfo birni, amma bai taɓa isa kowane gida ba, inda ya isa ma ba kullum yake kawowa ba. Wannan giɓi ne ya raya masu rataya garwa biyu a sanda suna bin lungu-lungu, kafin jarka ta kori garwa, kura ta kori sanda. Sanyaya ruwa kuwa aikin randa ne: a kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a rufe da faifai, a kifa moɗa a kai.

Ruwan gora ya fara bayyana a farkon shekarun 1980, da Swan na Kerang a ƙasar Mangu ta Filato, da Ragolis na Ikorodu a Legas. A lokacin ruwan otal ne da manyan taruka. Talaka ba ya sayensa sai zai je dubiya asibiti. Nasa shi ne ruwan ƙanƙara, wanda ake hura leda da baki, a ɗura, a ƙulle da hannu.

A shekarun 1990 injin liƙe leda ya iso, fiya wata ta cika gari: rabin lita a ƙulli, ashirin a jaka, kuma ta daɗe ana sayar da ita naira biyar. A wannan zamanin na shigo harkar, kuma gaskiya kara-zube muke yi. Duk mai rijiyar burtsatse da ɗaki guda ya zama kamfani. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, amma ba mu ji zafinta sosai ba sai da marigayiya Dora Akunyili ta hau kujerarta a 2001. Aka ce sai lambar rajista a jikin leda, sai ranar yi da ranar lalacewa, sai tayil a ɗakin injin, sai hula da safar hannu ga ma'aikata. Aka garƙame wurare da dama. Mun yi ƙorafi, amma wannan matsin ne ya sa mai digiri ya daina jin kunyar shan ruwanmu. Daga baya gorunan Eva da Nestlé da Faro na Yola suka sauko har shagon unguwa.

Dispensa ta bi bayan ofisoshi ne. Kamfanonin wayar salula sun zo a 2001, sannan haɗewar bankuna ta 2005 ta sa rassa suka yawaita, kowane reshe da na'urarsa a kusurwa da kofunan roba. Sunan CWAY ne ya fi fita a wannan fanni. Daga banki dispensa ta shiga asibitoci da makarantun kuɗi, yanzu har cikin kayan ɗakin amarya ana ganinta.

Abin da na waje bai lura da shi ba shi ne, babbar gorar dispensa mai lita 18.9 ta bambanta da duk abin da muka saba. Leda da ƙaramar gora in sun fita sun tafi ke nan. Ita kuwa dawowa take yi, shi ya sa ake karɓar kuɗin ajiya, ake musayar wofi da cikakkiya. Tace ruwan ba shi ne wahala ba: yashi, gawayi, matatar da ke cire gishiri, sai fitilar kashe ƙwayoyin cuta, duk wanda ya sayi inji zai iya. Wankin gora ne ke raba mai amana da ɗan ci-da-ceto. Gora kan dawo mana da jan zoɓo a gindi, ko maiƙon manja a wuya. Kowace sai an cusa hanci an sansana, kuma wadda ta sha kalanzir ko fetur ta tashi daga aiki, domin robar ba ta sakin warin. Wadda aka bari a rana da guntun ruwa kuwa sai ta yi kore da gansakuka. Akwai masu tattara gorunan da suka yi suna, su ɗura musu ruwan da ba a tace ba, su liƙa sabon murfi. Mai saye sunan jiki kawai yake gani.

Ita kanta na'urar iri biyu ce. Mai kwamfiresa irin na firji ta fi tsada, amma ita ke jure zafin Afrilu. Mai araha, wadda ƙaramar fanka ke bayanta, da kyar take kashe ɗumin ruwa in rana ta take. Ɓangaren ruwan zafi kuma shi ke cinye batirin sola, gara a kashe shi sai za a sha shayi. Cikinta ma na son wanki lokaci-lokaci, abin da gidaje da yawa ba su taɓa yi ba.

Cire tallafin fetur a 2023 ya taɓa mu ta wajen dako, domin ruwa kaya ne mai nauyi da ƙarancin riba. Masu mota suka koma babur mai ƙafa uku, kowa ya tsuke yankinsa. Gidaje da dama suka ajiye na'urar, suka koma ɗan famfon caji da ake ɗorawa a bakin gora.

Don haka in mutum ya tambaye ni wace dispensa zai saya, nakan ce ya fara neman mai kawo masa ruwa kusa da shi, ya duba lambar NAFDAC da liƙin murfi, sannan ya roƙa a kai shi inda ake wanke gora. Mai aikin gaskiya zai ce bisimilla. Wanda ya fara kame-kame, a nemi wani.