Jarumi mai tabo: Ƙarfi da raunin fina-finan daba masu dogon zango

A tsohon tsarin fim ɗin Hausa mutum biyu ne ke riƙe da labari: jarumi da bos. Jarumi shi ne mai gaskiya, bos kuwa azzalumi, kuma tun kafin a kai rabin fim ɗan kallo ya san wanda zai yi wa addu'a. Jarumi mai tabo ya rushe wannan rabo. Shi ne tauraron labari, shi kyamara ke bi, da idonsa ake ganin duniya, amma ɗan daba ne, ko dillalin ƙwaya, ko ɗan damfara. Ɗan kallo ya san mutumin nan mai laifi ne, duk da haka gabansa na faɗuwa idan 'yan sanda suka kewaye gidan da ya ɓuya.

A cikin fina-finan Hausa masu dogon zango, wanda ya fi fito da irin wannan jarumi fili shi ne A Duniya, na Tijjani Asase, wanda aka riƙa sakin sa kashi-kashi a YouTube tun wajen shekarar 2020. Shirin ya shiga rayuwar 'yan daba a unguwannin birni, ya kuma ɗaga Adam Abdullahi Adam, wato Daddy Hikima, har sunan da ya fito da shi, Abale, ya danne sunansa na yanka. A Kano aka shirya shi, amma wayar hannu ba ta san iyakar jiha ba. A Sakkwato ma an kalle shi, a majalisun samari da shagunan caji da na tura fina-finai, kuma muhawarar da ya tayar tana da nauyi na daban a wannan gari.

Asalin wannan jarumi

Masu cewa daga Turai aka kwaso wannan salo sun faɗi rabin gaskiya. A talabijin ɗin Amurka, The Sopranos, wanda tashar HBO ta nuna daga 1999 zuwa 2007, shi ne ya buɗe ƙofa: shugaban gungun masu laifi da ke kashe mutane, ya dawo gida ya yi fama da rigimar 'ya'yansa, har yana zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa saboda firgici. Bayansa Breaking Bad ya zo, daga 2008 zuwa 2013, kashi 62, inda Bryan Cranston ya fito a matsayin Walter White, malamin makarantar sakandare da cutar dajin huhu ta kama, ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi da hujjar bar wa iyalinsa abin dogaro. A Ingila kuma BBC ta fara Peaky Blinders a 2013.

Sai dai Bahaushe ya san wannan mutum tun kafin talabijin. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, maci amana, mai haɗama, kuma shi yara ke jira ya fito. Alhaji na littafin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1934, da dabara da yaudara yake ratsa garuruwa, shi da abokin karawarsa Malam Zurƙe, mai karatu kuwa dariya yake yi yana binsa. A gidajen sinima na Arewa an sha kallon Amitabh Bachchan a Deewaar na 1975, ɗan fasa-ƙwauri da ƙanensa ɗan sanda, uwa a tsakani.

Ƙasar Sakkwato tana da nata kaso mai kauri a wannan tarihi. Daga tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, aka sami Muhammadu Gambo mai waƙar ɓarayi, da Kassu Zurmi mawaƙin 'yan tauri da mafarauta. Mutanen kirki, waɗanda ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, sun sayi kaset ɗin Gambo sun saurara suna jinjina kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sha'awar labarin mai ƙarfin hali, ko da ɓata-gari ne, tsohuwar aba ce, kuma ba kowane mai sauraro take mayarwa ɓarawo ba. Ya kuma nuna cewa tambayar da ake yi wa Abale yau an yi wa Gambo ita jiya.

Inda ƙarfin yake

Babban abin da wannan salo ya kawo shi ne dalili. Bos na tsohon fim mugu ne kawai, ba a faɗin abin da ya mayar da shi haka. Shirin da ya ɗauki ɗan daba ya sa shi a tsakiya dole ya nuna gidan da ya fito, da uban da ya yi watsi da shi ko ya kasa, da makarantar da ya bari, da babban mutumin da ke aiko masa da kuɗi idan zaɓe ya gabato, ya kuma karɓo shi daga hannun hukuma idan an kama shi. Wannan na ƙarshe shi ne abin da jaridu suka daɗe suna faɗa a dunƙule, fim ya ba shi fuska. Kowane gari da sunan da yake kiran waɗannan samari: 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, 'yan eriya a Sakkwato. Sunaye sun bambanta, amma hannun da ke ciyar da su a lokacin siyasa kusan iri ɗaya ne.

Haka batun ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a Najeriya, kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan wani rahoton bincike na BBC. Masana'antar da ta yi shekara ashirin tana juya labarin soyayya da kishiya da gado ba ta da bakin cewa wannan ba labarin gidanmu ba ne. Fina-finan daba sun kai kyamara lungun da sauran suka kauce wa.

Akwai kuma harshe. Hausar da ake yi a waɗannan shirye-shirye ta titi ce, mai zaurance da habaici da kirari, irin wadda marubucin da ke zaune a ofis ba zai ƙago ba. Ɗan wasa ma ya sami fili. Rawar mutumin kirki sau da yawa shimfiɗaɗɗiya ce, fuska ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai tabo kuwa dole ya tsorata mutane a waje, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa a gida, ya kuma sa a yarda da duka biyun. Ko a Labarina na Aminu Saira, wanda ba shirin daba ba ne, Baba Ɗan Audu da Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, dattijo marar kunya mai cin amanar na kusa da shi, ya zama cikin waɗanda aka fi magana a kansu. Masu kallo sun tsine masa, sun kuma ƙosa ya sake fitowa.

Inda raunin yake

Raunin daga tushe ɗaya yake fitowa da ƙarfin. Domin a fahimci mai laifi sai an zauna da shi tsawon lokaci, kuma wanda aka daɗe tare da shi ana sabawa da shi. Masu shirya Breaking Bad sun ga haka da idonsu: yayin da Walter White ke ƙara nutsewa cikin kisa, wani ɓangare na masu kallo matarsa suka tsana, don tana tsaya masa a hanya, har Anna Gunn da ta fito a matsayin matar ta rubuta maƙala a jaridar New York Times a 2013 kan zagin da take sha. Idan haka ta faru ga shirin da aka tsara da matuƙar kulawa, to ina ga wanda ake rubutawa mako-mako?

Nan ne tsarin kasuwa ke shigowa. Tun da cinikin faifai ya mutu, mai shirya fim ɗin Hausa ya dogara ne da yawan masu kallo a YouTube da tallan da ke biyo baya, sai kuma 'yan tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Wanda ke jawo masu kallo shi ne mai wuƙar. Saboda haka ba a iya kashe shi, ba a iya ɗaure shi ya daɗe, ba a ma iya barin sa ya shiryu da wuri, don ranar da ya shiryu ranar kasuwa ta watse. Sai labari ya yi ta jan ƙafa: a kama shi, a sake shi, a kawo sabon abokin gaba, a sake faɗan da aka yi a zangon baya da wasu fuskoki. Hukuncin da ake cewa shi ne darasin shirin ana ta ɗage shi kamar shari'ar fili.

Idan hukuncin ya zo kuma, yakan zo a gurguje. Mutumin da ya yi kashi hamsin yana sara da suka, sai a kashi na ƙarshe ya ji wa'azi, ya zubar da hawaye, ya tuba. Ƙofar tuba a buɗe take, babu mai musun wannan; amma malaman da suka yi bayanin sharuɗɗanta sun sa mayar da haƙƙin mutane a ciki, kuma wannan sharaɗi ne fim ya fi tsallakewa. Ba a komawa wurin mai shagon da aka fasa, ko yaron da aka nakasa.

Wannan ya kai mu ga ma'aunin da ya fi kowane amfani wajen rarrabe shiri mai kyau da marar kyau a wannan fanni: shin wanda aka zalunta yana da suna? A Breaking Bad akwai yaron da ke yawo a kan babur a daji, ya ga abin da bai kamata ya gani ba, wani na tawagar Walter ya harbe shi. An nuna yaron tun farkon kashin yana wasansa, domin idan ya faɗi ɗan kallo ya ji nauyin abin. A yawancin fina-finan daba namu, wanda aka sara baƙo ne da ya shigo domin a sare shi, kiɗa na tashi, kyamara na kan fuskar mai saran. Mata ma kaɗan ne ke da rawar kansu: uwa mai kuka, ko budurwa mai jiran ya canza. 'Yan sanda kuwa ko dai a mai da su abin dariya, ko su zama masu karanto nasiha.

Akwai wata matsalar da marubuci ba shi da iko a kanta. Shiri na iya ɗaukar awa hamsin yana gina sakamako, amma abin da ke yawo a TikTok da WhatsApp daƙiƙa talatin ne: kirarin, da takun, da zare makamin. Yaron da ya haddace maganar Abale a Mabera ko Runjin Sambo ba lallai ne ya taɓa ganin kashin da aka nuna ƙarshen irin wannan rayuwa ba.

Me ya sa abin ya fi tsauri a Sakkwato

A wani wuri ana iya yin wannan muhawara cikin nishaɗi. A Sakkwato mai bindiga da ke ba da hujjar abin da yake yi ba ƙagaggen labari ba ne. Ƙananan hukumomin gabashin jihar, irin su Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, sun shafe shekaru a hannun 'yan bindiga. A Disamban 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni, kuma mutanen da suka tsero daga ƙauyuka suna nan cikin birni. Bello Turji da ire-irensa sun saba sakin bidiyo da muryoyi suna bayyana kansu a matsayin waɗanda aka fara zalunta, wato daidai da tsarin da marubucin jarumi mai tabo ke bi. Wanda ya rasa ɗan'uwa a hanyar Isa yana da hujja idan ya ƙi shirin da ke neman ya tausaya wa mai makami. Wanda kuma ke cewa ba a magance abin da ba a fahimta ba, shi ma yana da tasa. Garin da ya san wasan kwaikwayon talabijin tun zamanin Idon Matambayi na NTA Sakkwato bai rasa masu iya auna waɗannan biyun ba.

Hukuma da almakashi

Amsar da hukumomi suka fi bayarwa ita ce hani. A Amurka, daga 1934 zuwa 1968, ƙa'idar da aka fi sani da sunan Hays ta hana a nuna laifi ta yadda ɗan kallo zai goyi bayan mai yin sa. Sakamakon shi ne fina-finan da ke ƙawata ɗan ta'adda tsawon awa ɗaya da rabi, sannan a harbe shi a minti biyar na ƙarshe don a cika sharaɗi. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001 ta sanar a 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, cewa ta haramta fina-finan da ke nuna daba da daudu. A shekarar ce kuma hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin hana ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi. A watan Mayun 2025 hukumar ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta tace ba kafin a sake su.

Irin wannan umarni yana kama mai shiryawa da ke zaune a Kano, mai rajista da hukumar, wanda ake iya kira ofis. Kasusuwan da aka riga aka ɗora a intanet kuwa, da guntayen da aka yanka daga cikinsu, suna nan a wayoyin samarin Arkilla da Gidan Igwai, inda ikon hukumar wata jiha bai kai ba.