Koyil: Tarihin 'Yar Wutar Da Ke Tayar Da Injin Jirgin Ruwa

Makon nan za mu ɗan huta da tarihin sarakuna da ganuwa, mu leƙa garejin makaniki.

Mu nan Dutsen Abba ba mutanen jirgin ruwa ba ne, abin da muka sani noman damina da na rani. Amma injin da ake ɗaurawa a gindin jirgi a Yawuri ko Baga, da injin ban ruwan da ke kuka a fadamun Galma, da tsohuwar Vespa da ke jingine a zauren wani dattijo a Tudun Wada, duk ciwo ɗaya ya fi kwantar da su: a ja igiya ko a buga kik, shiru, makaniki ya ce "ba wuta". Sau da yawa kuwa mai laifin wani ɗan dunƙule ne da bai kai tafin hannu ba, wato koyil.

Aikinsa ba wuyar ganewa. Ƙarfe ne aka naɗe da wayar tagulla kashi biyu. Naɗin farko waya ce mai kauri, zagaye kaɗan. Na biyu siririya ce kamar gashin kai, zagaye dubbai. A jikin faifan da ke juyawa a saman injin akwai maganaɗisu, duk lokacin da ya gifta koyil sai 'yar wuta ta taso a naɗin farko. Daidai lokacin da fistan ya matse fetur da iska, sai kwantak ya buɗe baki ya yanke wannan wuta farat ɗaya. Yankewar ce ke haifar da wuta mai ƙarfin dubban bolt a naɗi na biyu, ta bi waya ta yi tartsatsi a bakin fulogi, fetur ya kama. Kondensa kuma aikinta ta hana kwantak ƙonewa.

Wanda ya fara haɗa irin wannan naɗi ba makaniki ba ne, limamin coci ne mai koyar da kimiyya a Maynooth ta ƙasar Ayalan, Nicholas Callan, a 1836. Heinrich Ruhmkorff ya inganta shi a Paris a 1851, har sunansa ya danne na Callan. Da Étienne Lenoir ya ƙera injinsa mai amfani da iskar gas a 1860, irin wannan koyil ya ɗauko don kunna shi. Matsalar ita ce sai da batir. A 1902 Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch na Jamus, ya fito da maganeto mai ƙarfin wuta tare da fulogi, injin ya koma samar wa kansa wuta daga juyawarsa. A ganinmu wannan ne matakin da ya fi shafar irinmu, domin shi ya sa inji zai yi aiki a tsakiyar tafki ko a gonar da ba ta taɓa ganin turken lantarki ba.

Injin gindin jirgi kuwa sunan Ole Evinrude ya fi fita a kansa. Haifaffen Norway ne da ya tashi a Amurka, ya soma sayar da injinsa a birnin Milwaukee a 1909, ƙarfinsa doki ɗaya da rabi. Na farkon da batir suke aiki, daga baya aka shigar da maganeto cikin faifan saman injin, tsarin da ya daɗe shekaru da dama. Johnson ya biyo baya a Amurka, British Seagull a Ingila. Yamaha ta Japan sai a 1960 ta fitar da nata na farko, amma ita ce ta mamaye ruwayen Afirka ta Yamma, musamman da samfurin Enduro da aka yi shi don masu wahalar yau da gobe, ba masu yawon shaƙatawa ba.

A Arewa, kammala madatsar Kainji a 1968 ta buɗe tafkin da ya kai har Yawuri, nisan da filafili kaɗai ba zai ci ba. Sarkawa da sauran masunta da masu jigilar 'yan kasuwa suka rungumi inji. Haka a Tafkin Chadi, inda ake kwaso banda daga tsibirai zuwa Baga, daga nan mota ta rarraba ta kasuwanni. Mu kuma namu rabon ta fadama ya zo. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya. Shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara da tallafin Bankin Duniya a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, da shirin Fadama na shekarun 1990, su suka yaɗa ƙananan injinan fetur har jigo ya zama abin ba yara labari.

To, a nan ne ilimin tsofaffin makanikai yake, kuma shi ya fi jan hankalinmu. Ba su fara zargin koyil. Fulogi ake fara cirowa, a jingina shi da jikin injin, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara lafiya ce, ja-ja mai rauni alamar ciwo. In wuta na nan, sai a koma kan mai: tsohon fetur da ya kwana watanni yakan daskare ya toshe kabureta, a injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai kuma ma'aunin haɗin kan sa fulogi ya yi baƙi. In mai na zuwa, sai a toshe ramin fulogi da babban yatsa a ja, a ji ko fistan na da matsi. In kuwa wutar ce babu, har yanzu da saura kafin koyil. A cire wayar makashin injin, don ita kaɗai kan taɓa jiki ta shanye wutar. A goge bakin kwantak da samfefa mai laushi, a daidaita buɗinsa, wanda a tsofaffin Johnson da Evinrude kusan rabin milimita ne. A gwada wata kondensa.

Koyil mai mutuwa yana da halinsa. Injin zai tashi lafiya da sanyin safiya, ya ɗauki zafi ya mutu, a bar shi ya huce ya sake tashi kamar ba shi ba. Siririyar wayar ce ta tsinke a ciki, zafi na raba ta, sanyi na haɗa ta. Koyil na Johnson da Evinrude na shekarun 1950 da 1960 sun yi suna wajen tsagewar rufin jikinsu in sun tsufa, danshi ya shiga, wuta ta riƙa zurarewa.

Canjin kansa yana da ƙa'ida. Faifan saman injin da abin jawo shi ake cirewa. Mai gaggawa ya sa guduma, sai ya lalata bakin sandar injin ko ya raunana maganaɗisun, ya je neman ƙiba ya samo rama. Akwai ɗan makullin ƙarfe mai kamar jinjirin wata da ke riƙe faifan a mazauninsa, in ya yanke, lokacin fitar wuta ya goce, ko sabon koyil goma aka sa injin ba zai tashi ba. Sannan tazarar koyil da maganaɗisu: ya matsa ya goga, ya yi nisa wuta ta yi rauni. Shi ya sa a injin ban ruwa makaniki kan cusa siririn kati tsakaninsu kafin ya ɗaure kusoshi.

Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni suka fara maye gurbin kwantak da akwatin lantarki rufaffe, wanda ake kira si-di-ai. Gaskiya ya fi sauƙin tashi, kuma ba ya son gogewa duk bayan wata. Amma ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a jefar a sayo wani. Yaron da ya koyi aiki a kansa bai taɓa daidaita kwantak ba, in aka kawo masa tsohon inji sai ya ce ya mutu. Mai shi kuwa tumatirinsa ba zai jira kwana uku ba ruwa ba, sai ya ci bashi ya sayi sabo, tsohon ya tafi wajen 'yan gwangwan a auna shi a kilo, alhali fistan da gidansa garau suke.

British Seagull ta daina ƙera inji a 1996, Evinrude a 2020. Duk da haka har yau ana yin koyil da kwantak da kondensa na waɗannan tsofaffin injina, saboda masu su a Turai da Amurka sun ƙi rabuwa da su. A Sabon Gari da Tudun Wada ma akwai sauran dattawan da suka yi zamanin Vespa da Benly, waɗanda daga jin kukan inji za su gaya maka kondensa ce ko koyil. Mafi yawansu yanzu a benci suke zaune, yara ke riƙe da sifana.