Kakar Brooklyn Dodgers ta 1947

Filin tarihi na wannan fitowa zai kai mu Amurka, wajen wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato besbol. Kada wanda bai san wasan ba ya yi saurin juya shafi. Labari ne na kakar wasa ɗaya tak ta ƙungiya ɗaya, Brooklyn Dodgers ta birnin Niu Yok, a shekarar 1947, kuma abin da ya gudana a cikinta ya wuce maganar ƙwallo da sanda.

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar kurket a filin makaranta ya riga ya san rabin wasan. Mutum tara ne kowane ɓangare. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya kai mata sanda ya sheƙa a guje. Akwai zango uku da zai bi kafin ya komo inda ya tashi. In ya komo lafiya, ƙungiyarsa ta sami ci ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaron fili, haka har zubi tara. A wancan zamani wasa 154 kowace ƙungiya take yi, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, 'yan wasa suna tare a jirgin ƙasa, a otal, a ɗakin sa kaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin wanda ya yi zaman ɗakin kwana na makaranta ya san ma'anar a haɗa ka wata shida da mutanen da ba sa ƙaunar ganinka.

Manyan rukunonin wasan biyu ne, National da American, a wancan lokaci kowanne da ƙungiya takwas. Tun bayan Moses Fleetwood Walker da ya yi wa Toledo wasa a 1884, ba a ƙara barin baƙar fata ya shiga ba. Babu dokar da aka rubuta a kan haka, fahimtar juna ce kawai tsakanin masu ƙungiyoyi. Baƙaƙen sai suka kafa nasu rukunonin, da nasu gwanaye da nasu 'yan kallo.

Wanda ya ƙudura warware wannan ƙulli shi ne Branch Rickey, shugaban Dodgers, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, mai kuma kaifin ido wajen lissafin kuɗi. Ranar 28 ga Agusta 1945 ya kira Jackie Robinson na ƙungiyar baƙaƙe ta Kansas City Monarchs zuwa ofishinsa. Robinson haifaffen Jojiya ne, a 1919, ya tashi a Kalifoniya, ya yi jami'a, ya kai hafsa a soja. A 1944 an gurfanar da shi gaban kotun soja a Tekzas bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotun ta wanke shi. Wato dai mutum ne da ba ya ɗaukar raini. Rickey ya yi kusan awa uku yana kwaikwayon masu zagi iri iri a gabansa, mai otal, ɗan kallo, abokin karawa, sa'an nan ya gindaya masa sharaɗi: duk abin da aka yi masa, ba zai rama ba. Robinson ya amince. Aka tura shi Montreal ta Kanada, ƙaramar ƙungiyar Dodgers, a 1946, ya fi kowa bugu a rukunin.

Rigimar 1947 daga cikin gida ta fara. Rickey ya kwashe ƙungiyar zuwa Kyuba da Panama don atisayen share fage, saboda kauce wa dokokin wariya na Filorida. A can ne wasu 'yan wasa, yawancinsu 'yan kudancin Amurka, suka fara zagaya takardar ƙin amincewa da Robinson. Ana danganta jagorancinsu ga Dixie Walker, wanda ya fi kowa farin jini wurin mutanen Brooklyn. Pee Wee Reese, shi ma ɗan kudu ne daga Kentucky, ya ƙi sa hannu. Manaja Leo Durocher da ya ji labari sai ya tashe su da tsakar dare ya tara su. Abin lura, bai yi musu wa'azin 'yan'uwantaka ba ko kaɗan. Ce musu ya yi mutumin nan ya iya wasa, zai kawo musu nasara da kuɗi, wanda bai so ba kuwa a sayar da shi ga wata ƙungiya. Takarda ta mutu a nan. Kirby Higbe, mai jifa da ya kafe, kafin Mayu ta yi nisa an tura shi Pittsburgh, aka karɓo wani gajeren ɗan wasa mai suna Al Gionfriddo da tsabar kuɗi. Za mu sake haɗuwa da wannan gajere.

Ana saura kwana shida a fara kaka, sai kwamishinan wasan, Happy Chandler, ya dakatar da Durocher shekara guda bisa zargin cuɗanya da 'yan caca. Rickey ya ɗauko tsohon amininsa Burt Shotton, dattijo mai shekara 62, mai sanyin hali, wanda ko rigar wasa ba ya sawa. Kafin ya iso ma an fara. Ranar 15 ga Afrilu, a filin Ebbets, gaban mutum 26,623, Robinson ya tsaya a zangon farko da lamba 42 a bayansa. Bai dace da bugu ko ɗaya ba, amma ya kawo ci, Dodgers ta doke Boston Braves da ci 5 da 3.

Mako guda bayan haka Philadelphia Phillies ta zo. Manajansu Ben Chapman da yaransa suka yi kwana uku suna yi wa Robinson ruwan ashar daga benci, irin zagin da bai dace a maimaita shi a mujallar makaranta ba. Robinson ya yi shiru kamar yadda ya yi alkawari, ko da yake ya bayyana daga baya cewa ranar saura ƙiris ya karya shi. Wanda ya kasa daurewa shi ne Eddie Stanky, mai tsaron zango na biyu, wanda shi ma da farko bai yi maraba da baƙon ba. Ya miƙe ya kira su matsorata, masu zagin wanda aka ɗaure wa hannu. Rickey ya ce Chapman ya haɗa masa kan 'yan wasansa fiye da kowa. A ganina akwai gaskiya a nan, amma rabinta ce. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar, kuma ɗan wasa ba ya son a taɓa mai rigarsa, sai dai abin da ya riƙe su har ƙarshe shi ne sun ga mutumin yana ci musu wasa, sun kuma ga hukuma ba za ta ja da baya ba.

Wahala ba ta ƙare ba. Otal a Filadelfiya ya ƙi saukar da shi. Wasiƙun barazana suka yi ta zuwa. Masu jifa suka same shi da ƙwallo sau 9 a kakar. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi. Ɗan jarida Wendell Smith na jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier shi ne abokin tafiyarsa, shi ke nemo musu masauki inda aka rufe ƙofa. Can gefe kuwa jama'a suna ta tururuwa: ranar 18 ga Mayu mutum 46,572 suka biya kuɗin shiga filin Wrigley na Shikago, baƙaƙe da yawa sun ci ado kamar masu zuwa majami'a.

Dodgers ta gama da nasara 94, rashin nasara 60, ta ba St. Louis ratar wasa biyar, ta ɗauki kambun rukunin National. Ralph Branca, matashi ɗan shekara 21, ya ci wasa 21 da jifa. Robinson ya dace da bugu 175 cikin 590, ya kawo ci 125, ya saci zango 29, fiye da kowa a rukunin, aka ba shi kyautar gwarzon sabon shiga, wadda a shekarar aka fara bayar da ita. Albashinsa dala 5,000, mafi ƙarancin da ake biya. Filin Ebbets kuwa ya karɓi 'yan kallo sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Kansas City Monarchs da aka ɗauke wa ɗan wasa ba a ba ta ko sisi ba, kuma da 'yan kallo suka bi Robinson, rukunonin baƙaƙe suka fara durƙushewa. Ɗaya daga cikin manyan biyun ya watse bayan kakar 1948. Masu yabon Rickey ba su cika tsayawa a wannan wuri ba.

Saura gasar ƙarshe, World Series, inda zakarun rukunoni biyu ke karawa, wanda ya fara cin wasa huɗu ya ɗauki kofi. Maƙwabtansu New York Yankees suka haɗu da su, kuma ita ce ta farko da aka nuna a talabijin. Yankees ta ci biyun farko, Dodgers ta ci na uku. A na huɗu, ranar 3 ga Oktoba, Bill Bevens na Yankees ya kai zubi na tara ba wanda ya dace da bugu a kansa, abin da ba a taɓa yi ba a wannan gasa. Saura mutum ɗaya ya fitar ya shiga tarihi, Yankees na gaba da 2 da 1. Amma jifansa ya yi ta kaucewa, har ya ba mutum goma zangon farko kyauta, biyu daga ciki suna kan zango a lokacin. Shotton ya taso Cookie Lavagetto daga benci, shi kuwa ya nana ƙwallo da bangon dama, mutum biyu suka komo gida. Da bugu ɗaya Bevens ya rasa tarihi, ya rasa wasa. A na shida, Dodgers na gaba da 8 da 5, shahararren Joe DiMaggio ya ɗaga ƙwallon da za ta rama duka ukun, sai gajeren nan Gionfriddo ya bi ta da gudu ya cafke a bakin shinge. DiMaggio, da ba a san shi da nuna fushi ba, ya shuri ƙasa. A wasa na bakwai Yankees ta ci 5 da 2, ta ɗauki kofi.

Bevens da Lavagetto da Gionfriddo, babu wanda ya sake buga wasa a manyan rukunoni bayan wannan gasa. Dixie Walker an yi musayarsa zuwa Pittsburgh a Disamba. Dodgers sai 1955 ta doke Yankees, Robinson na cikinta, bayan kakar 1957 kuma ta tattara ta koma Los Angeles, aka rushe filin Ebbets a 1960. Boston Red Sox, ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi goma sha shida, ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1959. Robinson ya rasu a 1972 yana da shekara 53, kuma a 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyin.