Daga Garwa Zuwa Jarka: Tarihin Fetur a Ƙasar Zobe da Batun Mai Mai Ƙarfi

A tashoshin mota na Dutsin-Ma da Kurfi akwai wata magana da ba ta tsufa, wato wai akwai fetur mai ƙarfi da ke sa tsohuwar mota ta dawo da ƙuruciyarta. Wani direban zai rantse maka cewa man Nijar ya fi jan mota, wani ya ce na matatar Dangote ne, wani kuma ya sayi 'yar kwalbar maganin ƙara ƙarfi ya tsiyaya a tanki. Abin da duk suke nufi, ko sun ambata ko ba su ambata ba, shi ne lambar okten. Ra'ayina shi ne, idan inji yana samun okten ɗin da maƙeransa suka tsara masa, ƙarin da aka yi a kai ba ya ƙara masa gudu, ba ya rage masa shan mai. Tarihin cinikin fetur a wannan yanki ya nuna cewa abin da ya daɗe yana kashe injunanmu wani abu ne daban.

Okten ba ma'aunin ƙarfi ba ne. A cikin silinda, fistin yana matse iska da tururin fetur, sannan fulogi ya kunna wuta, wutar ta ci a jere. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai ragowarsa ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, a ji wata ƙara ƙas-ƙas, musamman idan an yi lodi ana hawan tudu. Wannan ba shi ne abin da kanikawa ke nufi da inji ya buga ba, ko da yake idan ya daɗe yana iya kai wa ga haka. Lambar okten tana auna juriyar man ga wannan fashewa ne kawai. Wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, shi ya tsara ma'aunin wajen 1926, inda ya ba wani sinadari mai juriya lamba 100, wani maras juriya kuma sifiri. Zafin da litar mai lamba 91 ke bayarwa kusan daidai yake da na mai lamba 98. Wanda ya zuba na 98 a injin da 91 ya ishe shi, kamar wanda ya ɗaure akuya da igiyar raƙumi ne: ta ɗauru, amma ba ta fi ɗauruwa ba.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kananzir da fetur a garwa suke zuwa, bibbiyu a akwatin katako, kuma motocin wancan zamani matsinsu bai wuce ninki huɗu ko biyar ba, don haka kusan kowane mai suna ci. Maƙeran mota ne suka so ƙara matsi don samun ƙarfi daga ƙaramin inji, sai mai ya gaza. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani haɗin dalma yana hana wannan ƙara, aka fara sayar da shi a 1923. Abin lura a nan shi ne jerin yadda abin ya faru: inji ne ya fara canzawa, sannan mai ya biyo shi. Ko a yaƙin sama na Ingila a 1940, da jiragen Birtaniya suka koma mai lamba 100 daga 87, sai da aka gyara injunan aka ƙara musu matsin iska kafin su ci moriyarsa.

A Najeriya, bayan matatar Fatakwal ta 1965, da ta Warri a 1978, da ta Kaduna a 1980, fetur ya wadata a Arewa. A lokacin bututu yana kai shi Kano da Gusau, tankoki su raba shi zuwa garuruwan ƙasar Katsina. A shekarun ne kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka mamaye hanyoyi, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983. A wancan lokaci manyan gidajen mai suna da famfo biyu, na gama-gari da na sufa. Ina ganin nan ne asalin imanin da ake yi har yau. Motar da ke da kafireto, wadda bakanike ke saita lokacin wutarta da kunne, idan tana ƙara da na gama-gari aka zuba mata sufa sai ta yi shiru ta ja. Direba ya ga zahiri, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai abin da ya faru shi ne motar ta samu abin da take buƙata tun farko, ba wani ƙarin ƙarfi aka zuba mata ba.

Wannan shirun da tsada aka saye shi, kuma ba masu mota kaɗai suka biya ba. Dalmar da ke ɗaga lambar sufa tana fita ta salansa, ta sauka a ƙurar tasha da bakin kasuwa, inda yara masu talla suke wuni. Mutanen wannan shiyya sun san abin da dalma ke yi wa yaro tun annobar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010. Ta fetur ba ta kisa farat ɗaya, amma tana dakushe ƙwaƙwalwa a hankali. Bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Duk mai kewar sufa na da ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

Famfo biyun nan sun daɗe da komawa ɗaya. Gwamnati ta daidaita farashi a faɗin ƙasa a 1973, ta kafa asusun cike kuɗin dakon mai a 1975, kuma fetur iri guda mai lamba 90 ko 91 ya zama shi ne na kowa. Da matatu suka durƙushe, dogayen layuka suka haifi sana'ar 'yan bumburutu, masu galan da kwalabe a bakin titi, arhar man kuma ta sa yake tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi. Manomin rani a bakin Zobe ba ya iya ɗaukar injin ban ruwansa zuwa gidan mai, dole jarka ce za ta je masa, shi ya sa dokar hana sayar da fetur a jarka da gwamnatin Katsina ta kafa a 2021 saboda matsalar tsaro ta taɓa shi kai tsaye. A wannan doguwar hanya daga tanka zuwa jarka ne mai ke haɗuwa da ruwa, da tsatsa, da ƙura, wani lokaci da kananzir a zamanin da yake da arha. A watan Fabrairu na 2022 ma, man da aka shigo da shi daga Beljiyam mai yawan sinadarin metanol ya lalata motoci ya jawo ƙarancin mai na makonni. Abin lura shi ne metanol yana ɗaga lambar okten ne, amma bai hana shi yin ɓarna ba.

Akwai hujja mai nauyi da za a iya kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Yawancin motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Dutsin-Ma, Kurfi da Katsina tsofaffin Turai ne, irin su Golf da Sharan, kuma da yawa daga cikinsu an tsara su ne a kan mai lamba 95. Suna da na'urar da ke jin ƙarar nan, sai kwamfutar motar ta jinkirta wuta don kare injin, ƙarfi ya ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Zafin bazara da dattin da ya taru a kan fistin suna ƙara tsananta abin. Irin wannan mota, da motoci masu turbo, lalle za su amfana da okten mai yawa. Amma wannan bai rushe maganata ba, domin ita ma giɓi aka cike mata, da zarar ta kai lambarta amfanin ya tsaya. Babur ɗin ɗan acaɓa, da janareta, da injin ban ruwa, da tsohuwar 504, ba su da na'urar da za ta ci ribar ƙarin. A Amurka, inda famfo uku ke jere a kowane gidan mai, ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada wannan a 2016, ba ta ga wani amfani ba a motocin da aka tsara wa mai na gama-gari, ta kuma ƙiyasta cewa direbobi sun yi asarar fiye da dala biliyan 2 a shekara guda. Su kuwa kwalaben ƙara ƙarfi, mafi yawansu ɗan kaɗan suke ɗaga lambar, masu sinadarin manganis kuma suna barin jan datti a kan fulogi.

Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, kuma matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, kasuwa ta buɗe, ba mamaki famfo na biyu ya dawo da sabon suna da farashi mai tsada. Kafin ya iso Dutsin-Ma, ina kira ga hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA da ta wajabta rubuta lambar okten a jikin kowane famfo, ta kuma riƙa gwada man da ake sayarwa a ƙananan garuruwa, ba a manyan birane kaɗai ba. Kai kuma malam direba, duba murfin tankinka ko littafin motar, a nan ake rubuta lambar da take so. Idan man da kake sha ya kai ta, kuɗin da za ka ƙara ka sa shi a sabon fulogi, da matatar iska, da juyen baƙin mai a kan kari, sannan ka riƙe gidan man da ka yarda da tsabtar tankinsa da cikar litarsa.